Igiyar Gwauro a Nu'aija

Tun da aka halicci ɗan Adam, abu biyu ne ke yanke masa hukunci kafin alƙali ya zauna: rigar da ya saka, da bakin wanda ya fassara maganarsa. Dauloli sun faɗi saboda tafinta ya yi tuntuɓen harshe, an kuma ɗaure mutanen kirki saboda hula. Ba zan kawo misali daga tarihi ba, don littattafaina suna Zariya, gara kuma ta fi ni kusa da su. Misalin da nake da shi na igiyar shanya ne, da buhun shinkafa, da wani direba Bakano mai suna Garba.

Na sauka Doha a matsayin malamin Turanci. Haka dillalin da ya shirya mini tafiya ya ce, haka ni ma na faɗa wa ɗalibaina. Mutumin da ya tarbe ni a filin jirgi ya karɓi fasfona da ladabi, kamar mai ajiyar takalma a ƙofar masallaci, ya miƙo mini leda. A ciki akwai shuɗin wando, riga mai aljihu biyu, da usur. Na yi masa bayani, cikin Turancin da na sha bulala kafin na iya, cewa an yi kuskure. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "Yalla," wato maza a tafi. Ita ce kalmar farko da na koya a ƙasar, kuma na lura duk sauran da suka biyo baya 'yan uwanta ne.

Zangona na farko Mu'aither. Wata bakwai ina gadin wani gini da ba a gama ba, ni da tarin rodi da siminti. Ban taɓa ganin ɓarawo ba. Zafi ne kawai yake shigowa, shi kuwa ba a tambayarsa kati. Da yamma motar kamfani ta kwashe mu zuwa Najma, inda mu shida muke raba ɗaki ɗaya da fanka ɗaya da ra'ayoyi kusan goma sha biyu.

Biyu daga cikinsu ne suka shafi labarin nan. Na farko Garba, wanda ya girme ni da shekara goma sha uku, mai mata ɗaya da 'ya'ya shida a Kano. Tun ranar da ya ji ni Bazazzagi ne ya gode wa Allah da ya aiko masa abin yi. Ya sa mini suna Ticha, ya kuma sanar da ɗakin cewa an kawo wanda zai koya wa rodi nahawu. Na biyu Baba Mumuni, dattijo daga zangon Kumasi, mai dafa shayi a ofis. Hausarsa ta sallami mata gaba ɗaya: a bakinsa matarsa ya kira waya, 'yarsa ya haihu. Na yi mako biyu ina gyara masa, har ya ce mini, "Ticha, ka gane ko ba ka gane ba?" Na ce na gane. Ya ce to khalas, shi ke nan.

Garba ne ya fitar da ni daga Mu'aither, duk da tsiyar da yake mini. Shi ne direban mudir, wato shugaban wani ofishin injiniyoyin ruwa a Nu'aija, kuma da maigadinsu ya koma gida, sai ya ce wa mudir akwai wani a ɗakinsu da ya fi masu Turanci Turanci. Aka mayar da ni can. Ofishin gidan zama ne aka juya, mai farfajiya da bishiyar dabino biyu. Indiyawa suna zane, 'yan Filifin suna buga takardu, 'yan Lebanon suna waya, 'yan Nepal suna goge abin da sauran suka ɓata. Kafil ɗinmu, ɗan ƙasar da sunansa ke kan ikamar kowa, wato takardar izinin zama, sau biyu na taɓa ganinsa. Wanda muke gani kullum shi ne mudir, Mista Grant, dogon Bature mai rowar magana. A teburinsa ake sa hannu a takardar huruj, wadda idan babu ita ma'aikaci ba ya fita ƙasar ko da tikiti goma ne a aljihunsa.

Kafin in zo kan igiya, sai na bi ta kan wata kalma.

Wata Juma'a muka yi wanka, mu uku, muka tafi wani babban kanti don mu sha sanyin na'ura mu kalli abin da ba za mu saya ba. A ƙofa wani maigadi mai irin rigata ya ɗaga mana hannu. Ya ce yau ranar iyali ce, bacela ba ya shiga. Garba ya juyo ya tambaye ni mene ne bacela. Ni kuwa an taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Na tsaya a rana na yi masa darasi: Hausa ta raba abin gida biyu, akwai tuzuru wanda bai taɓa aure ba, akwai gwauro wanda ya yi aure matar ta tafi, amma Turanci ya zuba su a kwando ɗaya, Doha kuma ta ƙara da duk namijin da matarsa ba ta riƙe da hannunsa a wannan minti.

"Wato ni gwauro ne," in ji Garba. "Da 'ya'ya shida."

Na ce a hukumance, e.

Bai yi fushi ba. Ya dai kalli maigadin, ya ce in tambaye shi ko shi yana da mata. Na tambaya. Yana da ita, a wani ƙauye a Nepal, da 'ya'ya uku. Garba ya miƙa masa hannu suka gaisa, muka koma Najma muka sha iskar fanka.

A duk ofishin mutum ɗaya ne ya cika sharaɗin gwauro na Hausa, kuma mu uku kaɗai muka sani. Watanni kafin nan Garba ya kai matar Mista Grant filin jirgi da akwati tara. A ofis an ce ta tafi jinyar mahaifiyarta. Amma da za ta sauka daga mota ta ba Garba ambulan ya kai wa mijin, Garba kuwa ya ji mukullin gida da zobe suna karo a ciki. Direba ba ya buɗe ambulan, amma ba a hana shi yatsu ba. Tun daga nan mudir yake cin abincin rana a mota, daga leda, kuma maɓallin rigarsa na uku ya fita bai koma ba. Garba ya faɗa mana a ɗaki, ya ce amana ce, muka riƙe.

Shi kansa Garba yana da tasa damuwar. Shekararsa uku bai je gida ba. A farkon azumin 2004 wani da ya dawo daga hutu ya kawo masa kaset. Matarsa ta yi magana, yara suka yi ta ture juna a gaban rediyo, sannan aka kai wa mahaifiyarsa. Tsohuwar ba ta ja zance ba. Ta ce idanunta sun tafi, ƙafafunta suna shirin bin su, idan zai zo sallar nan ya zo, idan kuma aiki ya yi yawa babu laifi, sai ya zo karɓar gaisuwa. Washegari na rubuta masa takardar neman hutu. Aka ce an amince, saura huruj. Takardar ta shiga ofishin mudir, muka shiga jira.

Ana cikin haka Madam Joyce, 'yar Kanada mai kula da sha'anin ma'aikata, ta manna sanarwa a allo. Mace ce mai kirki irin wanda ake tsarawa a takarda kafin a aikata. A shekarar, bikin shigar dodanni da suke yi a ƙasarsu a ƙarshen Oktoba, Halowin, ya faɗo tsakiyar azumi, kwana kaɗan bayan Garanga'o, daren da yaran Katar ke yawo gida-gida da jaka a wuya ana zuba musu alewa da gyaɗa. Madam ta ga bai dace a yi dodanni a watan ibada ba, bai kuma dace a bar ma'aikata ba nishaɗi ba. Sai ta haɗa: kowa ya zo da shigar da ya ga dama, musamman daga al'adar ƙasarsa, a taru a farfajiya bayan la'asar, a yi buɗa-baki tare. Ƙasa da wannan ta jero dokoki.

Na kwafo sanarwar na kawo ɗaki ranar Juma'a da rana. Na karanta ta sau biyu a zuci, na ajiye, na ce musu kalma ɗaya ta isa: tashe. Tsakiyar azumi, shigar ban dariya, a zagaya, a ba da kyauta. Me ya rage? Har yau ina ganin fassarar ta yi kyau. Matsalarta kawai ita ce ta yi kyau fiye da abin da aka fassara.

Garba ya tashi zaune. Ya ce shi ya san tashen da zai yi, tunda hukuma da kanta ta naɗa shi gwauro. Zai fito a sarkin gwagware, ya ɗaure ɗaya ya zagaya da shi, kamar yadda ya gani tun yana ƙarami a unguwarsu. Na ce ya bari mu bi dokokin tukuna, don takardarsa tana kan tebur.

Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba a kwaikwayon addinin kowa. Garba ya ce gwauranci ba addini ba ne, ko da yake yana da mabiya. Ba a zuwa da makami, ko na roba. Ya ce igiya ba makami ba ce, in ba haka ba duk mai akuya soja ne. Ba a shafa wa fuska baƙi don kwaikwayon wata al'umma. Ya shafa kumatunsa ya ce wannan daga gida aka shafo masa, Madam ta yi haƙuri. Ba a sa tufafin ƙasar da ba taka ba don raha, musamman na masu masauki. Nan Baba Mumuni ya shigo, don shi ya yi niyyar sa farar jallabiyarsa. Na ce ina tsoron ta faɗa ƙarƙashin dokar.

"Jallabiya na? Ina sa shi tun kafin a haifi Madam. Yanzu shi ne zai ce ba nawa ba?"

Na ce ba ni na rubuta ba. Ya ce to shi zai zama gwauron da za a ɗaure, tunda wannan rigar dai ba wanda zai ce ta wani ce.

Doka ta ƙarshe kalma ɗaya ce da Madam ta ja wa layi biyu a ƙasa: inkulusib. Ƙamus ɗina bai taimaka ba. Na yi tunani na ce musu ma'anarta kada a bar kowa a gefe, duk wanda ke wurin a sa shi a ciki. Garba ya maimaita kalmar sau uku, ya ce ta yi kama da sunan maganin tari, amma dokar ta yi, ko a Kano haka ake yi.

Ya yi kwana biyu yana haɗa kaya. Ya samo buhun shinkafa daga wani gidan abinci na 'yan Kerala ta Indiya ya huda masa wuya da hannuwa. Ya tara gwangwanayen madara ya zura su a zare ya yi ɗamara. Ya yi hula da kwali ya maƙala mata cokula biyu a madadin ƙaho. Igiya kuwa ya kwance ta shanyarmu, shuɗiya, doguwa, ya bar rigunan mutum shida a kan gado. Tun zuwan kaset ɗin ban ga ya yi dariya irin ta kwanakin nan ba, shi ya sa ban ƙara cewa komai ba.

Ni ma na yi shiri. A ƙasan jakata akwai kaftanin da na ɗinka don ranar farko a aji, da hula, ba su taɓa ganin ranar Doha ba. Na goge su, na soka jan biro a aljihu, na riƙe littafi. Da na shiga farfajiya wata 'yar Filifin ta tambaye ni shigar me na yi. Na ce malamin makaranta. Ta tafa hannu ta ce wallahi kamar gaske, ta kira ƙawarta ta zo ta gani.

Madam ta zo a ƙudan zuma, da fukafukan waya. Wani Ba'indiye mai zanen taswira ya shiga cikin kabewar kwali, ba ya iya zama. 'Yan Nepal sun sa hulunan ƙasarsu a kan yunifom. Kafil bai zo ba, amma ya aiko da jakunkunan Garanga'o da tiren dabino. Kowa ya bi doka, kowa kuma yana tsaye kamar mai jiran likita.

Sai ga Garba. Ƙarar gwangwanaye ta riga shi shigowa. Yana taku yana girgiza kafaɗa, yana dukan wani tsohon galan, Baba Mumuni a bayansa da igiya a wuya, ya sunkuyar da kai yana jan ƙafa kamar wanda aka kama da tukunyar tuwon da ya tuƙa da kansa. Babu wanda ya san ma'anar abin, amma aka fashe da dariya, har kabewa ta jingina da bango. Suka zagaya farfajiyar sau ɗaya, sau biyu. Ina kallon Garba na ga ya bar Nu'aija, ya koma wani lungu a Kano inda kowa ya san uban kowa.

A zagaye na uku ya hango Mista Grant. Mudir yana tsaye shi kaɗai a gindin dabino, cikin rigarsa ta kullum mai maɓallin da ya fita, hannuwa a aljihu. Shi kaɗai ne bai yi shiga ba, shi kaɗai ne ba wanda ya tsaya kusa da shi. Daga baya Garba ya rantse mini cewa dokar Madam ce ta faɗo masa a rai. Ya tsaya, ya zare igiyar daga wuyan Baba Mumuni, ya taka har gindin dabinon, ya zura ta a wuyan mudir, ya juyo ya ce da ƙarfi, "Inkulusib! Ga gwauro na gaske."

Dariyar ta ɗauke kamar an kashe fanka. Fukafukan Madam suka daina motsi. Na karanta isasshen tarihi da zan san abin da igiya a wuyan mutum take nufi a ɓangaren duniyar da ta fito, inda aka sha rataye baƙaƙen fata da ita, amma ban tuna ba sai a lokacin, don a wurinmu igiya ta akuya ce da guga. Garba ma ya farka. Na ga idonsa ya sauka kan hannunsa, kan igiyar, sannan ya wuce ta taga zuwa teburin da takardarsa take.

Mista Grant bai taɓa igiyar ba. Ya neme ni da ido, ya ce, "Me ya kira ni?"

Mutum talatin suna jira. Ni ne na tsaya a rana na raba tuzuru da gwauro, na san amsar sarai. Idan na faɗi ta daidai, na sanar da ofis gaba ɗaya cewa matar mudir ta bar shi, kuma direbansa ne ya kai labarin ɗakin kwana a Najma. Bayan wannan babu huruj na hutu, sai dai na tafiya gaba ɗaya, shi ma sai an ga dama.

Na ce, "Bacela, ranka ya daɗe."

Ba ƙarya na yi ba, haka yake a ƙamus. Sannan na ci gaba, da muryar aji. Na ce a ƙasarmu idan azumi ya raba, akan zagaya da mazan da ke kwana babu iyali kusa, a yi musu tsiya, don unguwa ta tuna da su ta aika musu abinci. Na ce a Doha an sanar da mu a ƙofar kanti cewa dukkanmu bacela ne, saboda haka igiyar ta kowa ce, an fara da shi ne don shi ne babba. Na kama igiyar na naɗa a hannuna. Baba Mumuni ya kama. Sai wani ɗan Nepal mai goge-goge, wanda ya fi kowa sanin ƙofar kantin nan, ya ajiye tsummansa ya kama. Kabewa ta matso da ƙyar ta kama, don matarta tana Kerala. Kafin a jima igiyar shanyarmu ta ɗauki maza goma sha wani abu.

Mista Grant ya daɗe yana kallon Garba. Su biyun sun san abin da aka ce, ba su buƙatar tafinta. Sannan ya cire igiyar daga wuyansa a hankali, ya riƙe ta a hannu kamar sauran, aka zagaya farfajiya sau ɗaya, ba kiɗa, sai gwangwanayen Garba da ke ƙara ba da son ransa ba. Aka kira salla. Muka sha ruwa. Mudir ya ci dabino ɗaya, ya ce a ba shi mukullin mota, ya tuƙa kansa gida.

Washegari aka mayar da Garba motar ɗaukar bututu. Ba a ce hukunci ba ne, ba a kuma ce ba hukunci ba ne. Madam ta kira ni ta yi mini bayanin igiya na rabin awa, cikin tausasawa, tana cewa laifinta ne da ba ta rubuta ba. Da rana ta sake manna sanarwar, ko da yake biki ya wuce, da ƙarin doka ɗaya a ƙasa. Na tambaye ta takardar Garba. Ta ce za ta duba.

Kwana tara ana dubawa. Garba ya daina kirana Bazazzagi, abin da ya fi komai tayar mini da hankali. Yakan dawo ya kwanta da rediyo a ƙirji, ya mayar da kaset ɗin daidai inda tsohuwa ta fara magana. Rana ta huɗu ya ce mini shi bai yi don ya tozarta mutumin ba, ya ga ya tsaya shi kaɗai ne. Na ce na sani. Ya ce a gida idan aka ɗaure gwauro, washegari matan unguwa har rige-rigen aika masa kunu suke yi. Na ce a gida wanda aka ɗaure ba ya riƙe da fasfon wanda ya ɗaure shi. Baba Mumuni, da ke ninke rigunan da har yanzu ba su da wurin shanya, ya ce da Ticha ya faɗi haka tun ranar Juma'a da ya fi amfani.

Sai na yi abin da na iya. Na zauna a ɗakin gadi na rubuta wasiƙa, shafi huɗu. Na kawo asalin tashe gwargwadon sanina, na bayyana cewa wasa ne da ake yi wa wanda ake so a riƙe a cikin jama'a, na bayyana halin mahaifiyar Garba ba tare da na yi bara ba, na rufe da jimlar da na yi kwana biyu ina sassaƙa. Ban taɓa rubutu mai kyau irinsa ba, kafin nan ko bayan nan. Garba ya sa hannu a ƙasa bai nemi in fassara masa ba. Ya ce ya ƙoshi da fassara.

Da safe da mudir ya tsaya a ƙofa in ɗaga masa ƙarfe, na miƙa masa ta taga. Ya karɓa, ya ajiye a kujerar gefe, ya ce na gode. Na lura an ɗinka maɓallin, da zaren da bai dace da rigar ba.

Bayan kwana biyu Madam ta kira Garba ta ba shi huruj. Ta ba shi haƙuri, ta ce takardu sun yi mata yawa a makonnin nan, ta haɗa masa da jakar Garanga'o guda biyu ya kai wa yara. A ranar aka mayar masa da mukullin motar mudir. Mista Grant bai taɓa tayar da maganar ba, Garba ma haka, suka ci gaba da hagu, dama, filin jirgi.

A Najma kuwa na zama wani abu. Labari ya bi ɗakuna cewa Ticha ya kwance mutum daga igiya da baki, ya kuma fito da huruj da biro. Mutanen da ban sani ba suka riƙa tare ni a ƙofar masallaci da takardunsu. Wani Basakkwace ya ce in rubuta wa kafil ɗinsa irin wadda na rubuta wa Bature, ko rabinta ma ya isa. Garba ya sanar da ɗaki cewa daga yau ya yafe wa Zazzau kashi ɗaya cikin uku na laifuffukanta. Na karɓi duk wannan da kunyar da ta dace, wato kaɗan.

Ranar da Garba zai tafi, saura kwana biyu salla, ya miƙo mini takardar huruj ɗin ya ce in duba masa ko an rubuta sunansa daidai da na fasfo, kada a mayar da shi daga filin jirgi. Na duba. Sunan daidai yake. Na duba sauran, don malami ba ya barin shafi rabi, sannan na ninke na ba shi na ce Allah ya kiyaye hanya.

Ya tarar da tsohuwa da rai. Ta shafa fuskarsa ta ce ya rame, ta tambaya ko ba a tuwo a can. Ya yi wata ɗaya, ya dawo da ƙullin kilishi na musamman, wanda ya ce mahaifiyarsa ce ta sa a saya wa malamin da ya fito mata da ɗa. Ya kuma sayo mana sabuwar igiyar shanya daga Kano, wai ta Doha ba ta da albarka. Na raba kilishin da Baba Mumuni, na ci kasona har ƙarshe.

Kwanan watan da na gani a takardar huruj ɗin, ƙarƙashin sa hannun Mista Grant, ya riga tashen da kwana huɗu.